Shekarar da Littafi Ya Manta da Damina

Na gaji da jin labarin albasar nan a bakinku. Duk sallar da kuka taru a gidan nan sai wani ya tayar da shi, kuma kowace shekara albasar ƙara girma take yi. Magaji ya ce jifa ɗaya na yi wa sufeton makarantu hularsa ta faɗi. Bello ya ce ba hula ba ce, ido ne. Bara har na ji wani jikana yana gaya wa abokinsa wai kakarsa ta kori ma'aikacin gwamnati da buhun albasa. Kuna dariya ina dariya, amma akwai mutum ɗaya a cikinku da ba ta taɓa yin dariyar ba, ita ce Nana. Ita ta san abin da ya biyo bayan albasar: shekara shida ina koyarwa a ƙasar Argungu, ita tana nan Birnin Kebbi tana girma a ɗakin kakarta. Ku biyu kuna ce mini Inna. Ita kuwa tun daga lokacin Malama take ce mini, kamar 'yar ajina, har yau da take da 'ya'ya huɗu. To, tunda na yi ritaya kuma hannuna bai fara rawa ba, bari in rubuta yadda abin ya faru kowa ya huta.

A shekarar aji biyar nake riƙe da shi a wata firamare ta cikin gari, yara sittin da 'yan kai, fiye da rabinsu daga gidajen manoma, masu shinkafa a fadama da gero a tudu. Littafin da aka ba mu na koyar da lokutan shekara ban san daga wace ƙasa aka kwafo shi ba, amma na san ba a taɓa shuka gero a can ba. Hoto huɗu ne a shafin, itace ɗaya a cikin kowanne: nan ya yi fure, nan ya yi ganye, nan ganyen ya zube, nan ƙanƙara ta rufe shi. Sunayen da Turanci suke, yadda bakinmu ya iya faɗa: sifirin, sama, otom, winta. Sifirin dai yara sun san shi a gadon ƙarfe da ƙarƙashin mota. Sama kuwa kullum tana bisa kansu, don haka in na ce sama tana zuwa a watan Yuni sai su ɗaga kai su dubi rufi. Wani malami da ya riga ni riƙe littafin ya so ya taimaka, sai ya bi da fensir ya rubuta Hausar kowanne a gefe: sifirin bazara, sama rani, otom kaka, winta hunturu. Huɗu da huɗu, komai ya zauna daidai a idonsa. Shekara takwas ina karantar da wannan shafi, ina sa yara suna rerawa kamar waƙa, ban taɓa tsayawa na ƙirga namu lokutan ba. Wannan shi ne abin kunyar da na yi a aikin nan, kuma ba wanda ya taɓa tuhumata a kansa.

Wadda ta ƙirga wata yarinya ce mai suna Habsatu, 'yar garin Zauro da ke zaune wurin gwaggonta. Ba ta da surutu, kuma ba ta cikin masu zuwa na ɗaya. Lokacin kaka ne, ana yankan gero. Mun gama rerawa ke nan ta ɗaga hannu.

"Malama, ina damana?"

Na ce, "Wace damana?"

"Tamu. Kin hwaɗi bazara, kin hwaɗi rani da kaka da hunturu, damana ba ta ciki. Kuma kin ce Yuni rani na. Mu ko cikin Yuni mu ka shibka."

Na ce ta zauna, littafi ya fi ta sani. Ta zauna. Amma na koma gida raina a ɓace, kuma na san ba da ita nake fushi ba. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta kama ni ina faɗin abin da duk wata akuya a garin nan ta san ba haka yake ba.

A ranar na iske kakanku Malam a ƙofar zaure yana abin da ya saba. Kun san yana da agogon da aka kawo masa daga Makka, amma a aljihu yake zama. In zai san azahar ta yi, sai ya fito fili ya dubi inuwarsa, ya auna ta da tafin ƙafa, ƙafa bayan ƙafa. Shekara goma sha biyu ina wuce shi yana haka, ina durƙusawa in gaishe shi in shige. Suruka ba ta tsayawa hira da uban miji. Ranar dai haushi ya fi kunya ƙarfi, na tambaye shi me ya sa ba ya duba agogo.

Ya ce, "Agogo na tsayawa, ɗiyata. Wagga ba ta tsayawa. Duba, yanzu arewa ta ka hwaɗuwa, tana ƙara tsawo har tsakiyar ɗari. Daga nan ta hwara komowa. Ran da kig ga ta shige ƙarƙashin ƙahwa, tsakar rana babu inuwa ko kaɗan, to zahi ya kai matuƙa, a gyara gona, ruwa na tahe. Sannan ta hita ta kudu, 'yar gajera. Tsakiyar damana ta sake ɓacewa. Sau biyu ke nan cikin shekara."

Na ce masa a makaranta an koya mana ba rana ce ke tafiya ba, duniya ce ke juyawa tana kewaya ta. Na faɗa ina jiran ya ja mini kunne.

Ya ce, "Ko ita ka tahiya ko mu ka tahiya, Wanda yay yi su Shi yas sani. Inuwa dai ba ta ƙarya. Tahi ki auna."

Abin da ya ba ni haushi shi ne duk wannan na karanta shi a kwalejin horon malamai, na haddace, na ci jarrabawa, na ajiye. Duniya tana juyawa a kan kanta, shi ke kawo dare da rana. Tana kewaya rana, shi ke kawo shekara. Kuma a karkace take tafiya, shi ya sa wani lokaci arewacinta ke fuskantar rana, wani lokaci kudancinta. Mutanen da suka rubuta littafinmu can nesa suke a arewa, zafinsu a Yuni yake, ba su yi ƙarya ba. Mu kuwa kusa da tsakiya muke, rana tana bi ta bisa kanmu sau biyu. Zuwan farko shi ne zafin bazara, zafin nan kuma shi ke jawo iska mai ruwa daga teku ta kawo damina. Ashe tsohon da ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci yana auna karkatar duniya da ƙafarsa kullum a ƙofar gidanmu, ni mai takardar shaida ina wuce shi da littafi a hammata.

Makarantarmu tana da taswirar duniya irin mai kama da ƙwallo, amma tana kulle a kabad ɗin hedimasta, ba ta fitowa sai za a yi baƙi. Na roƙa sau uku, sau uku yana ce mini yara za su ɓata ta. To babanku albasa yake sayarwa, buhunanta ba sa rabuwa da zaurenmu. Na zaɓi babba, na soke ta da tsinken tsire daga saiwa zuwa kai, na zana mata layi a ciki, na ɗiga baƙi kaɗan sama da layin na ce nan ne Kebbi. Na aro turmi daga gidan maigadi na kafa a tsakar filin makaranta na ce shi ne rana. Yaro zai ɗauki albasa ya kewaya turmi, yana murza tsinken tana juyawa, da sharaɗi ɗaya: kan tsinken kullum ya karkata wajen itacen dogon yaro da ke arewa da filin. Wannan sharaɗin ya kusa kashe ni. Sai yaro ya kai rabin hanya ya juya tsinken ya bi turmi, in ce a sake. Wani ya iya karkatarwa ya manta juyawa. Wani ya juya kansa maimakon albasar har jiri ya kwashe shi. Sau biyu ana cinye mini duniya kafin a tashi. Muryata ta dushe, zanena ya yi warin albasa, malaman da ke ajin kusa suka fara ce mini Malama mai miya.

Sannan na kafa sanda a gefen filin. Kowace Alhamis kafin a tashi, wajen ƙarfe ɗaya saura, don a nan rana ba ta tsayawa tsaka da sha biyu, sai mu fita mu sa dutse a inda inuwar ta tsaya. Duwatsun suka yi ta tafiya arewa, suka tsaya, suka fara dawowa, daidai yadda Malam ya faɗa. Makon da muka dawo hutu a ƙarshen Afrilu, zafi kamar a bakin murhu, muka fita muka tarar sanda tana tsaye ba inuwa. Yara sittin suka yi shiru, abin da ban taɓa samu a aji ba ko da bulala. Suka yi ta duban ƙafafunsu. Habsatu ta ɗauko albasa ba wanda ya sa ta, ta kewaya turmi har ta kai inda baƙin ɗigon ya fuskanci turmin sosai, ta tsaya.

Ta ce, "Nan mu ke yau."

A duk shekarun da na yi ina aiki, wannan ranar ce kaɗai na tabbata na koyar da wani abu. Na goge huɗun nan daga allo na rubuta namu: bazara, damina, kaka, hunturu, rani. Na gaya musu na littafi na wasu mutane ne a wata ƙasa, su sani, amma kada su ɗauka nasu ne.

Jarrabawar ƙarshen shekara daga ofis take zuwa, tambaya iri ɗaya ga duk makarantu, tare da takardar amsoshi da malami zai bi ya yi maki. A watan Yuli aka yi ta. Ranar tun safe ake ruwa, kwanon ajinmu yana yoyo wuri uku, muna ta jan benci ana kare takardu da hijabi. Tambaya ta bakwai ta ce: daga Yuni zuwa Agusta wane lokaci ne na shekara? Yarana suka dubi taga, suka rubuta damina, wasu da Turanci, wasu da Hausa, wasu da wani abu tsakanin biyun. Da na buɗe takardar amsoshi sai na ga an rubuta sama, kuma wani mai kirki ya ƙara rani a gefe don kada mu ruɗe. Na kai wa hedimasta. Ya duba, ya dubi ruwan da ke zuba a bokitin ofishinsa, ya ce in bi takarda. Na koma na ba kowa makinsa cikakke, har da wanda ya rubuta damana da baƙaƙe uku a juye.

Bayan kwana huɗu sufeto ya zo duba takardu. Ba zan faɗi sunansa ba, ya rasu, 'ya'yansa suna nan. Mutumin wajen Ambursa ne, ya iso a babur, ƙafar wandonsa duk laka, babbar rigarsa fara ƙal ya naɗe ta a kafaɗa. Ya zari takardu goma, duka goma ya ga abu ɗaya, ya sa aka kira ni a gaban ajin.

"Malama Kulu, mi kika gani cikin takardar amsa?"

"Rani nig gani."

"To mi as sa kika ba su maki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, dubi wandonka."

Ya duba kuwa. Na ga ya so ya yi murmushi ya fasa.

Ya ce, "Na san damana ta. Ni ma jiya gona niw wuni. Amma takarda ba ta ce hakanan ba. In kowane malami ya yi maki da abin da yag gani ta taga, ina amfanin ohis?"

Da na yi shiru a nan da an wuce wurin da faɗa kawai. Amma ni a tunanina mutumin bai gane ba ne, in na nuna masa zai gane. Na jawo albasa daga aljihun tebur. Abin da ban lura ba shi ne ta kwana takwas a soke, ga danshin damina, cikinta ya ruɓe. Na ce masa ya tsaya nan shi ne rana. Na karkata tsinke, na fara kewaya shi ina bayani, na murza da ƙarfi don ya ga juyin sosai. Albasa ta fice daga tsinken, ta daki ƙirjinsa, ta bar masa tambari ruwan ƙasa a farar riga, ta gangara ƙarƙashin benci. Wani yaro daga baya ya ce duniya ta faɗi. Ajin ya kwashe da dariya. To ga gaskiyar da kuke nema: ban jefe shi ba. Amma na yi dariya, har na dafa tebur, kuma ban ce ya yi haƙuri ba. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Takardar ofis ta iso kafin a ba da hutu. Ta ce in sake makin tambaya ta bakwai yadda aka tsara, in rubuta takardar ban haƙuri, a bar maganar. In ban yi ba, tunda ni asalin 'yar Argungu ce aure ya kawo ni, za a mayar da takarduna can su san inda za su kai ni. Aka ba ni mako biyu. Da la'asar na karanta ta a tsakar gida, babanku yana zaune a kan buhu, kakarku Hajiya Tumba tana tsintar shinkafa, Nana tana bayana, shekararta uku, tana wasa da igiyar zanena.

Babanku ya ce, "Maki nawa na tambayag ga?"

Na ce biyu.

"Maki biyu. Kulu, ki sa jan biro ki wuce. Yaran ga ba su mutuwa don maki biyu."

Hajiya ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Damana ko an rubuta ta ko ba a rubuta ba zuwa za ta yi. Ke wa yan naɗa ki mai tsaronta? In kin tahi, ɗiyag ga ba ta bin ki. Ba a kai mini jika ƙauye ta kwana hannun wanda ban sani ba, ke kina aji."

Na ce ni ba zan iya kallon yaro ya faɗi gaskiya in ja masa jan layi ba. Wata takwas ina ce musu su auna da idonsu. In na soke yanzu, abin da za su koya shi ne ido daban, makaranta daban, kuma shi za su riƙe har su tsufa. Babanku ya ce wannan magana ce mai daɗi, amma ba ta dafa tuwo ba ta yi wa yara wanka. Muka ɗunguma zaure wurin Malam, kowa yana sa ran zai goya masa baya. Ya saurare mu har muka gama.

Ya ce, "Ni ban san aikin gwamnati ba. In an tambaye ni ko ruwa na sauka, ruwa na sauka. In an tambaye ni ko ɗiya na son uwatta, tana so. Ku tashi, lokacin salla ya yi."

Har yau in na tuna wannan amsa sai raina ya sosu. Shi ya ce in je in auna, na auna, da abin ya zo ya bar ni da sanda a hannu. Allah Ya jiƙansa, bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, amma ranar na so ya zaɓa mini.

Ban sake makin ba, ban rubuta takardar ba. Kuma don ku san yadda abin ya ƙare a banza, bayan na miƙa takardun wani malami aka ba, ya zauna da jan biro ya soke damina sau sittin da 'yan kai cikin rabin awa. Yaran suka wuce zuwa aji shida ba abin da ya same su. Habsatu ta koma Zauro, ban sake ganinta ba. Ni aka tura ni wata makaranta gaba da Gulma. Ina kwana gidan yayana a Argungu, in hau babur da safe, ranar Juma'a in shiga mota in zo gida, Lahadi da yamma in koma. Can ma na kafa sanda, na nemi albasa. Ba sufeton da ya taɓa damuna, don daga Yuli hanyar makarantar ruwa ke cinye ta. Daminar da takarda ta ce babu ita ce ta hana su zuwa su duba ko na koyar da ita.

Ku maza kun riga kun yi wayo, kuna makaranta, kuna da abokai. Nana ce ba ta san dalilin da ya sa bayan da take kwana a kai ya ɓace ba. Watan farko in na zo sai ta maƙale mini, Lahadi a ɓamɓare ta tana kuka. Wata na uku ta daina kukan, na ji daɗi, ashe ba abin jin daɗi ba ne. Wata Juma'a na sauka daga mota da ƙullin kifi, yaran unguwa suka rugo suna cewa Malama ta dawo. Ita ma ta rugo tare da su, ta karɓi ƙullin, ta juya cikin gida da gudu.

"Inna, ga Malama ta zo."

Hajiya take kira Inna. Na tsaya a zaure tsakanin buhunan albasa har na ji zan iya shiga da fuskar mutane. Hajiya ta yi ta gyara mata, babanku ya yi mata faɗa, ni na ce a ƙyale ta za ta bari. Ba ta bari ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan shekara ɗaya sufeton nan ya aiko mini ta hannun yayana cewa in rubuta layi biyu kawai, ba sai na ce na yi kuskure a makin ba, in ce dai na yi nadamar dariyar, zai sa a dawo da ni. Na ƙi. Shekarar farko don yara na yi, wannan ko gobe aka sake zan sake. Amma sauran biyar ɗin ba don Habsatu ba ne, ba don damina ba ne. Taurin kai ne irin nawa, ba na so a ce na sunkuya. Na bar yarinya tana yaye kanta daga jikina saboda layi biyu. Sai da mutumin ya bar aiki aka dawo da ni, lokacin Nana tana aji uku, tana gaishe ni a durƙushe kamar baƙuwa, ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ba ta kuma taɓa kawo mini kuka ba. Da ta yi rashin kunyar da na fi so.

Abin da ya sa na ɗauki biro yanzu shi ne abin da ya faru watan jiya. Nana ta shigo gidan nan da rana tsaka ko sallama ba ta gama ba, tana jan 'yarta ta biyu da hannu ɗaya, littafin aikin gida a ɗayan. Ta ajiye mini shi a cinya. Makarantar kuɗi ce, littafi mai sheƙi, amma itacen nan ne dai guda huɗu, har da ƙanƙararsa. Yarinya ta rubuta damina, an ja mata jan layi. Ashe Nana daga makarantar take. Ta je ta sami malamin, ta sami shugabar makarantar, ta ce su fito waje su dubi sama su gaya mata wane lokaci ake ciki. Ta ce ba ta bar ofishin ba sai da aka gyara makin. Tana ba ni labari tana huci, kamar ni na buga littafin.

Ta ce, "Shekara nawa yanzu, abu guda. Har da ce mini wai haka tsari yake. Kuma duk ke kika ja, da kin bar mu mun girma kamar kowa da ban je na tsaya ina hayaniya gaban mutane ba."

Na dube ta, goshin nan a haɗe, hannu a ƙugu, sai na ga kaina a gaban aji biyar. Na san ya kamata in yi shiru, amma kun san ni.

Na ce, "Halan kin tahi da albasa?"

Ta ce, "Inna, don Allah bari."

Ta ɗauki littafinta, ta ja 'yarta, ta fita tana mita. Na san ba ta ji abin da ya fito daga bakinta ba, don da ta dawo da yamma ɗaukar mayafin da ta manta, Malama ta ce mini kamar kullum. Ban tuna mata ba. To Nana, yanzu kin karanta, kin faɗa, kuma na ji. Ba na neman ki maimaita. Layi biyun da na ƙi rubuta wa sufeto ba shi ya kamata in rubuta wa ba tun farko, ke ce. Na yi nadamar shekara biyar ɗin, ki yafe mini.